Yadda Ake Danna Matakalar Bene A Gaban Mai Ita

Ɗan'uwa injiniya, share guminka. In ka bi abin da zan faɗa maka, na ba ka tabbacin kafin a tashi aiki za ka iya kama duk abin da aka nuna maka a zanen kwamfuta, ka leƙa cikinsa, ka karanto bayaninsa, ko aƙalla kowa ya rantse ka iya. Hanyar nan gwadaddiya ce. A kan Dogo aka gwada ta, sabon injiniyan ofishinmu da ba a tabbatar wa aiki ba tukuna, kuma a kan idona aka yi komai, don teburina na jikin nasa.

Ga yadda aka yi. Kamfaninmu ya zana wa wata mai otal matakalar bene ta ƙarfe, irin mai murɗewa, aka saka zanen a manhajar da ke gwada ko abu zai ɗauki nauyi tun kafin a ƙera shi. Ran da za ta zo gani, cunkoson motoci ya riƙe Oga, shugaban ofishinmu, a hanya. Ya bugo waya ya ce, "Dogo ya nuna mata. In ta fita ranta a ɓace, shi ma ya bi bayanta."

To, gyara zama.

Mataki na 1: Riƙe linzamin kamar kun daɗe da sanin juna

Linzami shi ne ɗan abin nan mai wutsiya da kake turawa a kan tebur. Kada ka shaƙe shi, ba gudu zai yi ba. Ɗora hannu a hankali, ka jingina, ka haɗe gira.

Dogo yana cikin goge tafinsa a wando Mai otal ta shigo, dattijuwa mai jiki, tabarau na lilo a ƙirjinta. Ta ja kujera har tana gogar tasa.

"Ɗana, kai ne mai matakalar?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Dogo, da wata siririyar murya da ban taɓa jin yana da ita ba.

Mataki na 2: Yi shawagi, kada ka danna

Zagaya da kibiyar nan da linzami ke motsawa a kan zanen. Duk abin da ta hau zai yi haske, ta sauka ya dishe. Ba ka yi komai ba, amma allo na ta ƙyalli. Duk ƙyalli ɗaya ka gyaɗa kai ka ce, "Uhm." Ni na daɗe da gano cewa rabin aikin injiniya gyaɗa kai ne, sauran rabin kuma "uhm".

Dogo ya bi matakalar daga ƙasa zuwa sama, kowane taki na kunnuwa yana mutuwa. Mai otal ta tafa hannu.

"Kai, kai, kai! Ta ma san ka!"

Mataki na 3: San abin da kake kamu

A saman allo akwai wurin da za ka faɗa wa manhaja abin da kake so ta kamo maka: ɗigo, ko gefe, ko fuska, ko abin ɗungurungum. Duba wurin nan kafin ka danna. Dogo bai duba ba.

"Nuna min inda ta kama bango can sama," in ji Mai otal. "Jikokina ba su san tafiya ba, gudu kawai suka iya."

Dogo ya saita kan farantin ƙarfen da ya haɗa matakala da bango, ya danna da ƙarfin hali. Wani ɗigo ya yi haske, bai kai kan allura ba. Ta saka tabarau, ta matso har hancinta na neman taɓa allo.

"Wannan ne zai riƙe min jikoki?"

"A'a, Mama. Daga nan muke fara gaisawa da shi."

Haddace wannan amsa. Za ta yi maka rana.

Mataki na 4: Juya, amma da ladabi

Tayar da ke tsakiyar linzami ita ce ke kusanto da abu ko ta nisanta shi. In ka danne ta ka ja, zanen ya juya. A hankali ake yi, kamar za ka juya jariri mai barci.

Hannun Dogo ya zame. Matakala ta yi tsalle, ta wulwula, ta koma kamar sauro, ta ɓace. Allo ya zama fayau.

Kada ka yi salati da ƙarfi. Akwai ɗan maɓalli mai dawo da komai tsakiyar allo. Dogo ya neme shi sama da ƙasa, yana cewa, "Muna kallonta ne daga nesa, yadda mai wucewa a mota zai hango ta." Ni kuwa na miƙe kamar zan ɗauki biro, na nuna masa da gwiwar hannu. Ta dawo, amma kanta a ƙasa, ƙafa a sama. Mai otal ta yi dariya har tana dukan tebur.

Mataki na 5: Ka ji tsoron akwati

In ka danna ka ja, akwati zai fito ya kama duk abin da ya shiga ciki, har da waɗanda ke ɓoye a baya. In abu biyu ko uku kake so, danne maɓallin kwantirol ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya so ya kama faranti, ya kama matakala gaba ɗaya, ta koma ruwan lemo daga sama har ƙasa.

A irin wannan lokaci ka ɗauke ɗaya hannun daga kusa da maɓallin gogewa. Zauna a kansa in ta kama.

"Yawwa!" in ji Mai otal. "Wannan launin za a fenta min."

Mataki na 6: In mai abu ya ce ka ba shi linzami, ba shi

"Kawo nan in gwada."

Kafin Dogo ya buɗe baki ta warce. Ta juya matakala hagu, ta juya ta dama, ta kifa ta, ta tayar, tana "Wayyo daɗi!" Duk ofis muka bar aiki muka zagaye su. Sai ga shi dannawa ɗaya ta kama farantin da Dogo ya sha wuya a kai.

"Danna maɓallin dama na linzamin, Mama," in ji shi. Ƙaramar taga ta buɗe: kauri, tsawo, irin ƙarfen. Nan ne wurin duba lafiyar kowane abu, kuma nan za ka kumbura murya ka karanta lambobi kamar mai labaran rediyo. Dogo ya karanta tsaf.

"Wannan kuma fa, da aka rubuta 'ɓoye'?" in ji ta.

"Kawar da shi yake daga ido ba tare da an goge ba, don mu ga notunan da ke bayansa."

Ta danna. Faranti na nan.

"Ɗana, ya ƙi tafiya."

Ta sake kama shi, ta sake ɓoyewa. Sai yanzu ya tafi.

Ashe faranti biyu ne a wuri ɗaya, ɗaya cikin ɗaya, ido ba ya raba su. Kwamfuta na lissafi da ƙarfin biyu, mai walda kuwa ɗaya zai ɗora.

Mataki na 7: Gyara fuska

Shawarata a nan ita ce ka yi murmushi ka ce, "Shi muke nema tun safe." Na ma raɗa wa Dogo haka. Yaron ya ƙi ji. Ya juyo ya dube ta.

"Mama, kuskure kika gano, kuma babba ne. Ki ba ni dama in cire ɗaya mu ga gaskiyar abin."

Ya goge na biyun, ya sa manhaja ta sake gwaji. Muka zuba wa allo ido, ba mai motsi. Mahaɗar nan ta sama ta fito jawur, alamar ba za ta ɗauka ba. Mai otal ta daina dariya. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe, ta ce a hankali, "A nan ƙaramar jikata za ta riƙa tsayawa ta leƙo ƙasa."

Dogo ya ƙara kaurin faranti, ya ƙara notuna, ya sake gwadawa. Ja ya tafi, shuɗi ya zo. Ta saki guɗa a tsakiyar ofis, har mai gadi ya leƙo a guje.

Saboda haka na gyara wannan mataki: faɗi gaskiya. Dama abin da nake nufi ke nan.

Mataki na 8: Kada ka tambayi wanda ya ninka farantin

Oga ya shigo yana haki, yana ba da haƙuri tun daga ƙofa.

"Ka huta," in ji Mai otal. "Ni da ɗana mun gyara muku matakala."

Aka ba shi labari. Duk mun san wanda ya zana farantin nan da hannunsa, sai kowa ya shiga kallon fanka. Oga ya yi tari, ya gyara wuyan riga.

"Dama na bar shi ne don in gwada yaron."

"To, ya ci," in ji ta. "Daga yau ba mai taɓa min aiki sai shi."

A nan take Oga ya tabbatar wa Dogo da aikinsa. Ita kuwa ta zare linzamin daga jikin kwamfuta, ta nannaɗe wutsiyar, ta jefa a jaka.

"Wannan ya saba da hannuna."

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a ciwon wuyan hannu, jujjuyawar ido, ko zanen da aka goge ana tsammanin ɓoye shi aka yi. In matarka ta kama ka kana danna gefen kwano a wurin cin abinci, tsakaninku ne. In an kore ka, ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Wanda kuma yake son ya gwada matakalar da ƙafarsa, an gama ta, tana nan ƙyam, yara na ta sukuwa a kai. Ni dai in na je otal ɗin, lifta nake shiga.