Rasuwar Shirwa, da Notin da Auta Ya Juya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da sabulu ya kasa wankewa, Auta na garejin bayan kasuwa yana sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a, da duk wanda ƙararta ta taɓa hana shi barcin rana, rasuwar motarsu Shirwa, mai ƙofa biyu da kujera biyu. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, yau kwana goma sha biyu, a miƙaƙƙen layin filin tsere, tana cikin giya ta uku. Shekararta ashirin da biyu a duniya, goma sha ɗaya daga ciki a hannun wannan gida.

Dogo, yayan Auta, Allah ya jiƙansa, shi ya tsinto ta a bayan wani shago, kaji na ƙwai a kujerar direba. Shekara uku ya yi yana haɗa ta, ƙusa bayan ƙusa. Ya sa mata turbo, na'urar nan da ke ɗura wa inji iska, ya sake mata kuloci da farfela, ya buɗe giyabos ɗinta ya fi sau goma har sai da ya ji muryar da yake nema. Auta ne mai miƙa sifana. Da Dogo ya kwanta ciwon da bai tashi ba bara, shi ya miƙa wa mukulli.

Marigayiya mai ladabi ce da safe, bugu ɗaya take tashi. Idan tana tsaye sai ta riƙa gum-gum-gum ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa na mita a bayan ƙyaure. In an taka ta kuwa, sai ta ja dogon fito, fiiiii, in an ɗaga ƙafa ta sauke numfashi, fushhh. Fiton nan ne ya ja mata suna. Ba ta taɓa barin kowa a hanya ba. Aibinta biyu, ba ta ga maciji da tudun rage gudu, kuma mai take sha kamar an aiko ta.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai, da ta biyar da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar batir, da sitiyarin da fatarsa ta goge daidai inda Dogo ke ɗora hannu. Ta bar Fenta da Mai Walda, maƙwabtanta, waɗanda yanzu ba su san lokacin tashi cin abinci ba tunda babu mai ɗumama ta da azahar. Ta bar matar Dogo. Ta bar Auta, wanda tun ranar nan yake jin fitonta.

Da rana tsaka yake ji, gareji cike da mutane. Yana ƙarƙashin motar wani sai fiiiii ta taso daga kusurwar da aka rufe ta da tamfol, ya fito da sauri har ya buga goshi, ya tarar babu abin da ya motsa sai ƙura. Ya tambayi Fenta ko ya ji. Fenta ya ce, "Ni ban ji komai ba, Auta. Ka dai je ka kwanta." Abin da ke tsorata shi, fiton ba ya ƙarewa da fushhh ɗin nan. Hawa yake yi, yana hawa, sai ya yanke.

Game da ciwon ajalinta, an yi ta faɗar magana, kuma saboda maganar ne aka fitar da wannan sanarwa.

Dogo yana da wata al'ada. Duk notin da ya ɗaure ya gamsu, sai ya ja masa layi da jan farcen matarsa, daga kan notin zuwa jikin ƙarfe, yadda in wani ya taɓa, layin zai rabu biyu ya tona shi. Akwai noti guda a gefen turbo, shi ke iyakance iskar da ke shiga inji. Wannan layi biyu ya ja masa. Ya kan ce, "Ƙara wa inji ƙarfi ba wuya, Auta, ko kai ka iya. Amma wa zai ɗauki ƙarfin? Giyabos ne da farfela, su kuwa ba sa kuka sai sun mutu. Nan ne iyakarta. Kada ka taɓa."

Ranar Asabar ɗin, wani mai farar mota ya wuce Auta sau biyu, ya leƙo ta taga yana dariya ya ce, "Ashe da mai ita aka binne gudun!" Auta ya koma gefe, ya buɗe bonet, ya juya notin sau biyu da rabi. Shirwa ta tashi da wani irin ƙarfi da bai taɓa ji ba, har bayansa ya manne da kujera, kuma ba zai ɓoye ba, ya ji daɗi. Daƙiƙa tara daɗin ya yi. Giya ta uku ta zubar da haƙoranta, inji ya rasa abin da zai ja ya kurma ihu, sandar fistin ta fasa cikinsa ta leƙo waje. Baƙin mai ya malale a kwalta.

Kafin mutane su iso da gudu, Auta ya ɗaga bonet, ya mayar da notin inda yake, ya daidaita jan layin nan tsaf. Ƙarfen da zafi, ya ƙone masa babban yatsa, bai ko ji ba.

Da aka jawo ta gareji, manyan kanikawa suka taru a kanta. Suka duba layukan Dogo ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan daram. Sai Mai Walda ya girgiza kai ya ce, "To, ba wanda ya taɓa. Aikin marigayi ne bai riƙe ba." Magana ta zaga. Waɗanda Dogo ya haɗa wa motoci suka fara kawo su a kwance a duba. Wani ma ya faɗa a gaban matar Dogo, ranar da ta zo ganin gawar, cewa dama mijinta ya cika cusa wa inji abin da ya fi ƙarfinsa. Ta shafa rufin motar ta tafi. Auta na tsaye a wurin, yatsansa naɗe da tsumma, ya yi shiru. Kunyar wannan shirun ta fi masa mutuwar motar ciwo.

Don haka a sani: aikin Dogo ya riƙe shekara takwas, kuma da ya riƙe wasu takwas. Shirwa ba tsufa ya kashe ta ba, ba kuma kuskuren wanda ya haɗa ta ba. Ƙanensa ne ya kashe ta, sannan ya bar laifin a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Ba za a kira motar ja ba, da hannu za a tura ta zuwa ƙarƙashin rumfar bayan gareji, ana neman mutum shida masu ƙarfi. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, ko noti ɗaya ba na sayarwa ba ne. Kada kuma kowa ya ce wa Auta Allah ya ba shi wadda ta fi ta.

Gaisuwa ba a gareji za a karɓa ba. A kai ta gidan matar Dogo, kuma duk wanda bakinsa ya faɗi cewa aikin mijinta bai riƙe ba, ya je ya janye a gabanta. Auta zai riga kowa zuwa. Ya aika mata da wannan takarda jiya, ta dawo masa da ita a ninke, da saƙo a bakin mai kawowa: "Ka ce masa na karanta. Amma ranar da aka zagi yayansa ba a takarda aka zage shi ba. Ya zo ya faɗa da bakinsa, ina kallonsa."