Tukunyar Tuwo a Ƙofar Masana'anta

Da na juya dama a bakin kogin nan maimakon hagu, da mijina Alhaji ya samu ya ci tuwon? Shekara uku ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya. Ɗana, wanda nake zaune wurinsa yanzu a Faris, ya ce ko ta ina na bi, tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar tsohuwa. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila lallashina yake yi. Ni dai ban sani ba.

Alhamis ɗin nan ba za ta fita daga raina ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa. Ban yi boko ba, matar ɗana ce ke rubuta mani, kuma na ce mata kada ta rage komai da sunan rufa mani asiri. Asirin da ya riga ya tonu gaban maza cike da titi, me ya saura a rufe?

Sai na fara da Kwatano, don can wautar ta samo tushe. Mu mutanen Maraɗi ne, amma mun fi shekara talatin a Zangon Kwatano. Idan Alhaji ya ci ya ƙoshi, babu hirar da yake so kamar ta yadda garin ya girma. Ya ce da fari bukkokin masunta ne kawai a kan rairayi. Sai Turawa suka kafa wata gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku, jirage na tsayawa can nesa, ana kwaso kaya da kwale-kwale. Kusa da ita aka yi kantuna da kasuwar Ganhi. Mutanenmu masu goro da shanu suka sauka baya kaɗan, wurin ya zama Zango. Da jirgin ƙasa ya riƙa kai kaya Faraku, sai unguwar Jonquet ta cika da direbobi da masu masauki. Sauran kuwa da idona na gani. Na ga an gina sabuwar tashar jiragen ruwa, na ga Dantokpa ta tashi a bakin tafki ta danne sauran kasuwanni, na ga Akpakpa ta hayin gada, inda dā muke kira daji, ta zama gari guda.

Ƙarshen hirar kullum ɗaya ne. Ya ce garin fatauci ruwa ke haihuwarsa. In na ɓata, in gangara in nemi ruwa, in bi shi inda ya nufa, zai kai ni bakin teku. Kasuwa na wurin, mutanenmu na bayan kasuwa. Ya ce ya gwada a Lome, ya gwada a Ikko, dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ni kuma na haddace ta kamar Fatiha.

Da tsufa ya fara kama mu, fatauci ya kai shi birnin Lyon, can ƙasar Turawa. Yana sayen leshi da shadda yana aikawa Kwatano, suna da ɗan shago shi da wani abokinsa a unguwar Guillotière. Daga baya ya ɗauko ni, muka zauna a unguwar Minguettes, hawa na goma sha ɗaya, inda in na leƙa taga jiri ke ɗibata. Shekara biyu na yi a can, ban taɓa fita unguwar ni kaɗai ba.

Sai ciwon ciki ya kwantar da shi. Aka kai shi wani asibiti a bakin kogi, hayin Guillotière. Maƙwabciyata Hajiya Mariyama ce ke kai ni kullum a motar bis, ita ke karanta lamba, ita ke riƙe mani takardar izinin zamana a jakarta don kada in yar. Kwana biyar Alhaji bai ci abincin asibitin ba, sai ya tsakura ya ture. Ran Laraba likita ya ce Jumma'a da safe za a yi masa aiki, kuma daga ƙarfe biyar na yammacin Alhamis ko ruwa ba zai sha ba. Da za mu tafi, Alhaji ya riƙe gefen mayafina ya ce yana marmarin tuwona da miyar kuka, kafin su rufe masa baki.

Na tashi da safe na tuƙa tuwon da garin masara, na kaɗa miya da daddawar da nake ta ɓoyo tun daga gida. Na jera kwanuka biyu cikin babbar tukunya, na rufe, na naɗe da tsohon zane mai ruwan goro, na ƙulle. Na buga ƙofar Hajiya Mariyama, shiru. Wata Balarabiya ta ƙofar gaba ta nuna mani da hannu, ciki, sannan jariri. Ɗiyar Hajiya Mariyama ce naƙuda ta kama, sun tafi tun asuba. Jakar ma ta tafi, da takardata a ciki.

A waccan shekarar ana ta jin labarin tashin bam a Faris. Ɗana yakan kira ya ce sojoji sun cika tashoshi, kada in kuskura in fita ba takarda. Na sauko daga bene. Na je inda ake hawa bis, motoci uku suka wuce, duk iri ɗaya a idona. Sai na tuna karatun Alhaji. Ai asibitin a bakin kogi yake, kuma kasuwar Guillotière na kusa da shi. Na ce to, me ya yi saura? (Ki rubuta cewa har daɗi na ji, ina ganin na yi wayo.)

Na gangara daga tudun Minguettes, tukunya a hannu. Da hannun ya gaji na yi gammo da ɗankwali na ɗora a ka. Turawa na rage gudun mota suna kallona. Na bi ta unguwar Saint-Fons, na ƙetare hanyar jirgi, na yi ta gangara har na hango ruwa. Na tsaya na duba inda yake tafiya. Hagu ya nufa. Na bi shi.

Ina tafiya ina jiran in ga rumfuna, in ji hayaniyar 'yan dako. Gidaje suka ƙare. Babu mai talla, babu ko akuya. Sai dogayen bututu masu hayaƙi, da manyan tankuna farare, da wani wari mai shiga maƙogwaro kamar an ƙona roba. Manyan motoci na wucewa suna kaɗa mani zane. Na ce wa kaina haka bayan tashar Kwatano ma yake, ɗakunan ajiya tukuna, sannan kasuwa.

Azahar ta yi, har ta nemi wucewa. Na iso wata babbar ƙofar ƙarfe, da ɗan ɗakin maigadi na gilashi. A Zango, in kana da kaya za ka yi salla, wurin maigadi kake ajiyewa, ka ce ga ajiya, ya ce Allah ya karɓa. Na sauke tukunya a jikin bango, ƙarƙashin wani bututu inda ke da inuwa. Na ɗaga wa maigadin hannu na ce ga ajiya, zan yi salla. Yana waya, ya gyaɗa kai. Ni a wurina an gama magana.

Na samu wata 'yar hanya na sauka bakin ruwa, na yi alwala, na shimfiɗa mayafi. Ina raka'a ta biyu jiniya ta tashi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana. Wata ta amsa, wata ta ƙara. Na ce shi ke nan, abin Faris ya iso. Ban yanke salla ba, amma Allah ya yafe mani, ban san me na karanta ba. Na daɗe a durƙushe cikin ciyawa, na kasa tashi.

Da na lallaɓa na hau, titi ya cika da ma'aikata, wasu da fararen riguna, wasu da hular kwano. Motocin 'yan sanda, motocin kashe gobara, an ja igiya an tare hanya. Na tsaya can baya, ina tuna ba ni da takarda. Wani dattijon Balarabe ya dube ni ya ce bam, ya nuna ƙofar, ya nuna tankunan, ya buɗe hannuwansa. Na gane. In abin ya tashi a nan, har Minguettes sai ta ji.

Na shiga tsinuwa. Da ƙarfi kuwa, da Hausa. Na ce Allah ya isa tsakaninmu da marar imanin da ya ajiye wannan abu, Allah ya tona masa asiri tun a duniya, Allah ya sa a kama shi gaban jama'a. Balaraben na cewa amin, ko bai ji ba.

Sai mutane suka ɗan dare, na hango wani mutum cikin wata riga mai kauri kamar katifa, yana tafiya a hankali zuwa jikin bango. Na bi inda ya nufa da ido. Zanena mai ruwan goro.

Wallahi na yi niyyar gudu. Na ce in juya in bi ciyawa, wa ya san ni? Amma na duba rana ta fara karkata, na tuna hannun Alhaji a gefen mayafina. Ban san lokacin da na sunkuya na shige ƙarƙashin igiyar ba, ina cewa tuwona ne, ku bar shi, na marar lafiya ne.

Aka yi mani tsawa ta ko'ina. Na ga bakin bindiga, ba ɗaya ba. Na zube a kwalta, hannu sama, ina kalmar shahada. Ina jiran harsashi sai na ji wata murya daga cikin taron.

"Inna, kada ki motsa. Don Allah kada ki motsa. Daga ina?"

"Maraɗi," na ce, fuskata a ƙasa.

"Ni Habu, daga Damagaram. Mene ne cikin ƙunshin?"

"Tuwo ne, Malam. Da miyar kuka."

Ya ce, "Inna lillahi." Mutum ne mai furfura, da farar riga, ashe a ɗakin awo na masana'antar yake aiki. Ya yi ta magana da babban 'yan sandan, suna nuna ni, suna nuna tukunya. Daga ƙarshe ya ce sun yarda, amma ni zan kwance ƙullin da hannuna, kowa na nesa.

Na rarrafa na kwance. Da na ɗaga murfi, daddawa ta yi aikinta. Mai rigar katifa ya ja da baya taku biyu. Babban ya toshe hanci ya faɗi wata magana. Malam Habu ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Sun ce warin bai kwanta masu ba. Sai kin ci sun gani."

Ni da ko gaban surukina ban taɓa kai loma baki ba. Na zauna a tsakiyar titi, na yi bisimilla, na gutsuri tuwon mijina, na ɗangwali miya, na ci gaban ƙartai sun fi na sallar Jumma'a. Loma ɗaya ba ta ishe su ba, sai da na yi uku. Wani ya fara dariya, ta bazu, har da masu tafi. Ina tauna ina hawaye.

Ba su sake ni nan take ba. Suka shigar da ni ɗakin maigadi, tambaya kan tambaya, ina takarda, ina gida, me ya kawo ni. Malam Habu ya ajiye tasa takardar ya tsaya mani. Suka ce za su kira asibitin su tabbatar, in faɗi sunan mijina. Shekara arba'in da aure bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Na ce Alhaji. Suka ce wane Alhaji? Ranar na faɗe shi, ga ɗan sanda, har sau biyu don bai ji na farko ba.

Malam Habu ya kai ni a motarsa. Muka yi ta komawa ta inda na fito, ruwan na gudu yana barin garin a baya. Ina riƙe da tukunya a cinya, ina tambayarsa ƙarfe nawa, yana cewa mun kusa. Da muka shiga ɗakin Alhaji, an riga an rataya allon hana ci a kan gadon. Shida ta wuce. Ma'aikaciyar jinya ta ga tukunya ta girgiza kai. Malam Habu ya roƙe ta, loma ɗaya kawai. Ta ce a'a, kuma na san ba mugunta ba ce.

Alhaji ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce in buɗe ya shaƙa. Na buɗe, ya lumshe ido, sannan ya ga gurbin da na ci ya tambayi wane ne ya riga shi. Malam Habu ya ba shi labari tun daga ƙofar ƙarfe. Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki, har ma'aikaciyar ta leƙo. Ya ce laifinsa ne, ya koya mani karatun bakin teku ya kawo ni garin da ba shi da teku. Ya ce da na daure na ci gaba, bayan kwana goma da na isa Marseille ta bakin teku, kuma can lallai da na samu kasuwa da mutanenmu a bayanta.

Abin da na koya ke nan, ga mai so: dabarar da ta fisshe ka a wani gari ita ke kai ka ƙofar masana'anta a wani. Kuma kafin ka tsine wa wanda ya yi abu, ka leƙa ka ga zanen wane ne.

An shiga da shi aiki da safe, bai farfaɗo ba. Ban ƙara tuƙa tuwon masara ba tun ranar, ko warin kuka na ji sai in tashi daga wurin.

A yammacin Alhamis ɗin, da lokacin ziyara ya ƙare, na ƙulle tukunyata ina kuka, ina ba shi haƙuri. Ya kama gefen mayafina, har lokacin da sauran dariya a bakinsa, ya ce:

"Bar kuka, Hajiya. In na tashi ki tuƙo mani wani. Amma in za ki yi salla a hanya, ki ajiye tukunyar a gabanki."