Yadda Za Ka Raya Unguwa Ba Ka Aza Bulo Ko Ɗaya Ba

Kai mai fili a tsakiyar gari, kana son a riƙa kiranka mai raya unguwa amma ba ka son ɗawainiyar gini? Bi hanyar Alhaji Yari na Gidan Igwai. An gwada ta, ba ta taɓa ƙin ci ba.

1. Fara da rusau.
A filin Alhaji akwai rumfunan 'yan tireda, da ta Kulu mai masa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ya shaida musu zai gina jerin shaguna hawa uku, kowa zai samu nasa. Suka kwashe kayansu suna sa masa albarka. Kai ma cika baki da alkawari, ba a karɓar haraji a kansa.

2. Kafa allo.
A zana bene mai gilashi, motoci a gindinsa, kai kuma a gefe kana murmushi. Allo ya fi gini, don ba ya tsagewa.

3. Tona rami, ka tafi Umara.
Alhaji ya sa aka haƙa ramin harsashi mai zurfi, aka yi addu'a, aka raba dabino, tifa ta juye yashi. Daga nan ba a ƙara ganin lebura ba.

4. Tanadi amsa don kowane lokaci.
Da rani, siminti ya hau. Da damina, ba a gini cikin ruwa. Da azumi, ai sai a tausaya wa magina. Kulu, wadda ta koma suya a bakin kwata, ta taɓa tare shi ta ce, "Alhaji, wanga hili dai, ko jikokina za su ga shagon?" Ya ce injiniya ya tafi ƙaro karatu.

5. Kada ka leƙa ramin.
Ya zama juji, ya zama kududdufi, sauro ya samu gidan gado. Wata damina ruwa ya cika ya malala cikin gidaje, katangar Kulu ta faɗi, autarta Zakiyya ta kwanta asibiti da zazzaɓi. Alhaji ya yi jaje ta waya, ya ce ƙaddara ce. Riƙe wannan kalma da kyau, ta fi lauya amfani.

6. Idan jama'a sun gaji, bar su su yi aikin.
Da Zakiyya ta miƙe, Kulu ta bi gida gida. Mata suka fito da kwanoni, maza da baro, aka cike ramin da ƙasa, rumfuna suka dawo. Alhaji ya ji labari, ya iso cikin babbar riga da mai hoto a bayansa, ya ce dama abin da ya tsara ke nan, kasuwar al'umma. Yana cikin neman almakashin buɗe wuri, Kulu ko ɗagowa daga tanda ba ta yi ba.

"Alhaji, matsa can, kana tare mani masu saye."

Gargaɗi: mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan ka kai ƙara wurin mai unguwa ka tarar uwargidansa ma ta kafa rumfa a filinka, kada ka neme ni. Ni ma a can nake karya kumallo.