Fatihar Matata Ta Koma Hannun Basha

Jiya na ɓata wunin Allah a hawa na uku na wani ofishi a nan Tanta, ina roƙon a mayar mini da sunan matata. Na tafi da sassafe da takardu cikin leda, na dawo bayan la'asar da ledar kawai.

Ga yadda aka yi. Kafin Nawal ta rasu bara, abu ɗaya ta roƙe ni: in ajiye ruwan sha a ƙofar shagona na ɗinki da sunanta, duk wanda ya sha ya karanta mata Fatiha. Na sayi randa, na rubuta sunan da fenti, hankalina ya kwanta. Sai maƙwabcina Girgis mai guga ya shigo da shayi da shawara.

"Sha'aban, kai fa har yau baƙauye ne," in ji shi. "Masu wayo yanzu tsara sadaka suke yi. Sayi injin sanyaya ruwa, ka yi masa rajista, a rage maka haraji. Lada a sama, rangwame a ƙasa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, rangwamen ne ya ja ni. Na tura randar bayan shago, na sayi inji, na nufi ofishin. Wani Ustaz mai tabarau ya karɓe ni da fara'ar da ta kamata ta ba ni tsoro.

"Hanyoyi uku ne, Hajji," ya ce. "Ka bayar yanzu, ko ka mayar da shi wakafi, ko ka sa a wasiyya."

"Wacce ta fi sauri, ranka ya daɗe?"

"Wasiyya. Ba ta da layi. Takardar mutuwarka kawai za ka kawo."

Na zaɓi bayarwa yanzu. Ashe rangwame ba ya fitowa sai kyauta ta bi ta hannun ƙungiyar da aka amince da ita, kuma a unguwarmu guda ɗaya ce, ta Mai Girma Basha, uban marayu, wanda tausayi ya hana shi ramewa. Na sa hannu a wuri bakwai ban karanta ko ɗaya ba.

Ranar buɗewa an kafa rumfa, an zo da masu hoto, an yanka ƙyalle. Da aka yaye allon marmara sai ga sunan Basha da ruwan zinariya, baƙaƙe manya-manya. Na duba sama, na duba ƙasa, har bayan injin na leƙa. Babu Nawal. Wallahi a wurin na ji kamar an sake binne ta, kuma da hannuna.

Kwana uku mutane suna sha suna cewa Allah ya jiƙan Basha, mutumin da ranar Alhamis na gan shi a wurin biki yana fama da gasasshiyar tattabara ta uku. A rana ta huɗu aka cire waya da tiyon ruwan da aka jawo don bikin buɗewar, domin kwamitin da zai amince a jona wuta da ruwa bai zauna ba tukuna.

Shi ne jiya na koma wurin Ustaz.

"Ku riƙe rangwamenku, ku sa sunan matata."

"Injin ya zama na ƙungiya, Hajji. Suna kuma sai kwamiti."

"Wane kwamiti?"

"Na wutar."

Da na dawo na jawo randar, na wanke ta, na sabunta fentin, na girke ta gefen injin. Girgis ne ya ɗebo ruwan farko, kansa a ƙasa, bai kawo shawara ko ɗaya ba. Da safen nan wata tsohuwa mai sayar da ganye ta sha moɗa biyu, ta tambaye ni abin da aka rubuta, ta ɗaga hannu ta ambaci Nawal. Na shige shago na daɗe ina neman zaren da ke hannuna.

Duk wanda kuma ya matsa famfon Basha a tsakar rana bai samu ko ɗigo ba, shi ma yakan dubi allon ya karanta wani abu. Ba Fatiha ba ce, amma sunan Basha yake kira daidai, kuma babu haraji a kai.