Yadda Za Ka Auna Yaran Unguwa Kaf Ba Tare da Ka Warkar da Ko Ɗaya Ba

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari: kafin shekara uku za ka ajiye tumbi, fasfonka ya cika da tambari, sunanka ya fito a takardar da ba mai karanta ta a unguwar da aka rubuta ta a kanta. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya faɗi ba. Mutum ɗaya na ga ya bi su, bai kuwa faɗi ba.

Kar ka tambayi takarduna. Sakandare na gama na dawo gida. Amma tagar ɗakina tana kallon ofishin masu binciken girman yara da lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda kuɗinsu ke zuwa daga ƙasar waje. Yayata da ɗanta suna cikin waɗanda aka bincika. Mai zaman banza ya fi kowa ido.

Mataki na 1: Zaɓi talakawa masu kyau

Ba kowane talaka ne ya dace da bincike ba. Wanda talaucinsa ya yi yawa, mai gidan haya zai kore shi, ka neme shi ka rasa. Wanda ya yi nisa da kwalta zai kashe maka mota. Nemi na tsakiya: mai yunwa, amma mai adireshi.

Kama gida, yi masa farin fenti, kafa allo. Ɗaki ɗaya za ka sa wa na'urar sanyi, shi ne na kwamfutoci. Iyaye mata su zauna a benci a baranda. Sun saba da zafi. Kwamfuta ba ta saba ba.

Daga yau sunanka Manaja.

Mataki na 2: Samu Dokta

Wannan shi ne ginshiƙi. In ka rasa shi, rufe ofis ka koma sayar da katin waya.

Kowane bincike yana da babba a ƙasar waje, wanda ya nemo kuɗin. Sunansa Dokta. Doktan lissafi ne, bai taɓa riƙe allura ba. Kai ka sani. Matan baranda ba su sani ba. A kunnensu Dokta likita ne, ba shi da wata ma'ana.

Kar ka yi ƙarya. Ƙarya aikin ƙananan ma'aikata ce. Kar ka taɓa cewa likita. Ka dai ce Dokta, ka bar kunne ya ƙarasa aikin.

Dubi yadda gwani ke yi. Ɗan Yaya, muna ce masa Tsito, ya shekara uku bai ce Mama ba. A kira shi, wani lokaci ya waiwayo, wani lokaci kamar da bango ake. Ranar rajista Yaya ta tare Manaja a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, shi Doktan zai duba min shi?"

"Hajiya, duk abin da muka rubuta a nan, Dokta da kansa yake dubawa."

Nemo min ƙarya a ciki. Babu.

Yaya ta dawo gida har da waƙa. Mijinta, mai gyaran janareta, dama ya shirya kai yaron babban asibiti, inda ake kwana a layi kafin a ga likitan kunne. Ta ce, "Baban Tsito, ga likita ya zo mana har ƙofar gida, na waje ma, kai kana maganar layi?"

Ya ce, "Kin gan shi?"

"An ce yana tafe."

"Wutar lantarki ma haka ake cewa."

Amma ya bari.

Mataki na 3: Yi tambaya a lokacin da ya dace

Tambayoyin daga waje za a aiko su. Ba wa ɗan ƙanwarka ya fassara. Ɗauki 'yan mata masu tambaya, ka ba su riga mai tambarin aiki, ka hana su ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ke rubuce.

Akwai tambayar da ke cewa, "Kina da damuwa?" Ga sirrinta. Bar mace a benci tun safe har rana ta take. In an kira ta, mai tambaya ta buɗe baki da wannan. Za ta ɗauka haƙuri ake ba ta.

"Ayya, ba damuwa, 'yar nan."

Rubuta: lafiyar ƙwaƙwalwa ƙalau.

Sai dai ka yi hattara. In kowa ya yi lafiya, kuɗi zai tsaya. Saboda haka rabin matan ka tambaye su a makon da ake koro yara daga makaranta. Masu iya magana ba su faɗa ba, ni na faɗa: ciwo kamar gishiri ne a rahoto, in ya yi kaɗan lami, in ya yi yawa a ce ba ka aiki.

Akwai kuma wadda ke cewa, "Sau nawa kike ware wa kanki lokacin hutu?" An yi wa mahaifiyarmu ita ranar da ta raka Yaya. Ta ce, "Lokacin me?" Aka maimaita. Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. An rubuta cewa tana da fara'a.

Mataki na 4: Ka gani, kar ka taɓa

Za a aiko maka akwatin kayan wasa: ƙananan katakai masu launi, 'yar tsana, ƙararrawa. Ka ba yaro, ka ga abin da zai yi, ka ƙwace, ka mayar akwati, ka sa kwaɗo. In ya yi kuka, akwai gurbin kuka a fom.

Tsito ya jera katakan nan har suka fi shi tsawo. Mai tambayar ta tafa masa. Sai ta zagaya bayansa ta kaɗa ƙararrawa. Bai motsa ba. Ta matso, ta sake kaɗawa. Yana ta gininsa.

Ta kalli Yaya, ta buɗe baki, ta rufe. Ta shiga wajen Manaja. Ƙofar ba ta rufu ba, duk baranda aka ji.

"Oga, yaron nan kamar ba ya ji sosai. Ba za mu ce su kai shi asibiti ba?"

"Kin yi maki?"

"Na yi."

"To kin gama naki. Mu ba asibiti ba ne, masu lura ne. In kika sa baki kin ɓata sakamako."

Haddace wannan amsar. Ita ce rabin albashinka. In ma'aikaciya ta ci gaba da jin tausayi, tura ta taron bita.

Da ta fito, Yaya ta ce, "Me kika gani?"

"An rubuta, Anti. Dokta zai gani."

Mataki na 5: Raba su biyu

Kwamfuta ta jefa ƙuri'a. Rabi a ba su littafin hotuna da mai ziyara duk mako. Rabi a ba su sabulu, a ci gaba da auna su, don a ga yadda yaro ke zama in ba a yi masa komai ba.

Da an tambaye mu, da mun faɗa kyauta.

Yaya ta faɗa rukunin sabulu.

Mataki na 6: Koyi maganar waya

Duk mako za ka zauna gaban kwamfuta, manya daga waje su fito a ƙananan akwatuna. Kalma uku sun ishe ka: ƙalubale, al'umma, juriya. Mota ta lalace, ƙalubale. Mata sun yi faɗa a layi, al'umma. Yaro ya rame bai mutu ba, juriya.

In aka yi maka tambayar da ba ka so, ka daskare kamar hoto, ka daina ƙifta ido. Za su ce sabis ne. Sun yarda cewa a ƙasa irin taku komai na ɗaukewa, kar ka ɓata musu imani.

Taron bita kuwa a otal ake yi. Ba a tattauna yunwar yara da cikin wofi. Shayi sau biyu, kaza da rana.

Mataki na 7: Kar ka bari su gudu

Bincike ba ya mutuwa da rashin gaskiya. Da rashin mahalarta yake mutuwa. Shekara ta farko za su zo da ɗoki. Ta biyu za su fara cewa ƙafa na ciwo, sabulun ma ba ya kumfa.

A nan za ka zaro makaminka. Fito baranda, gyara wuyan riga, ka ce, "Dokta na nan tafe. Wadda ta fasa zuwa, sunan ɗanta ba zai shiga ba."

Gobe benci zai cika.

A gidan Yaya an yi ta. Ina tsakar gida ina wanke takalmi na ji mijin ya ce, "Na gaji. Sa'anninsa suna makaranta suna zagin malamai, shi ko ruwa sai ya nuna da hannu. Jibi zan kai shi."

"Ka bari ya zo mana. Duk takardun yaron suna hannunsa. Ya san nauyinsa, ya san tsawonsa, har faɗin kansa ya sani. Wane likita ne a garin nan ya san faɗin kan Tsito?"

"Mai ɗinkin hula ma zai iya sani."

"Kai komai wasa. In muka kai shi wani wuri suka cire shi fa? Wahalar da na sha a bencin nan ta tashi a banza?"

Ya ɗauki jakar sifanarsa ya fita.

Ka lura: ba kai ka hana ba. Uwa ce ta yanke shawara. Akwai sa hannunta a takardar amincewa.

Mataki na 8: Ranar da Dokta ya zo

Zai zo. Sau ɗaya, a ƙarshe. Yi hayar rumfa da kujerun roba, ka sa a yi wa yara wanka.

Namu ya zo. Dogo, mai gumi, mai yawan sunkuyawa. Ban so in faɗa ba, amma mutumin kirki ne. Ya nuna majigi: layi ja yana hawa, shuɗi yana sauka. Mata suka tafa don sun ga Manaja ya tafa.

Ana gamawa Yaya ta ratsa kujeru, tana jan Tsito. Ya shekara biyar yanzu, ta sa masa sabuwar riga. Ta tsaya gaban tafinta.

"Ka ce masa ga Tsito. Ya san shi."

Tafinta ya faɗa. Dokta ya yi murmushi, ya durƙusa, ya ba yaron hannu. Bai san shi ba. A wajensa yara lamba gare su.

"Ka ce masa ya duba kunnen. Ƙararrawar nan, an rubuta masa."

Dokta ya saurara. Murmushin ya tafi. Ya yi magana a hankali. Tafinta ya kalli Manaja, Manaja ya kalli rumfa.

"Me ya ce?"

"Ya ce... shi ba irin wannan doktan ba ne, Hajiya."

"Wane iri ne?"

"Na lissafi."

Wata daga baya ta ce, "Lissafi? Ashe malamin makaranta muke ta jira!" Aka kwashe da dariya. Wasu suka fara neman takalmansu.

Dokta ya juya kan Manaja, fuskarsa ta yi ja. Tafinta ya gaya mana daga baya abin da ya tambaya: a ƙa'idar aikin an ce duk yaron da bai ji ƙararrawa ba a tura shi asibiti a ranar, me ya sa ba a tura wannan ba? Manaja ya amsa da kalma ɗaya daga cikin ukun nan.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To ka tambaye shi, me lissafin ya ce?"

Dokta ya buɗe kwamfuta.

"Ya ce irinsa suna da yawa a nan, fiye da yadda aka zata. Ya ce... babban sakamako ne."

"To madalla," in ji Yaya. "Allah ya sanya alheri."

Ta kama hannun ɗanta ta fita.

Darasi: da ka ga uwa ta miƙe ta nufo babban baƙo, ka yi shelar rabon abinci. Manajanmu ya makara. Kai kar ka makara.

Mataki na 9: Nemi zagaye na biyu

Washegari mijin ya rufe shago suka kama layin babban asibiti. Da suka samu shiga, likitan kunne ya duba, ya ce yaron yana ji kaɗan, za a gwada na'ura. Ya ce magana kuwa, da an zo da wuri da ta fi sauƙi, yanzu sai abin da Allah ya yi. Sannan ya ɗago ya kalli Yaya.

"Ina kika shiga duk shekarun nan? Ku matan nan sai abu ya lalace."

Ta ja Tsito suka fito. Mijin kuwa bai ce na faɗa miki ba. Har yau bai ce ba. Da ya ce da ta fi samun sauƙi.

Kai wannan bai shafe ka ba. Naka shi ne ka ga dama inda wasu suka ga asara. Rubuta wa masu kuɗi cewa bincikenka ya gano babbar matsala, ana buƙatar sabon bincike a kanta. Manajanmu ya samu. An sake fenti, an canza allo. Daga tagata ina karanta shi: Dalilan da Ke Sa Iyaye Mata Jinkirin Kai Yara Asibiti.

An ce Yaya ta cika duk sharuɗɗan shiga.

Tsame hannu

Mai wannan rubutu ba Dokta ba ne, kowane iri. Ba ruwansa da abin da zai same ka in ka bi shawararsa: ƙarin girma, hawan jini, ko barci mai daɗi. Yaron da bai yi magana ba, ba da yawunsa ba. Uwar da ta daina waƙa, ba da yawunsa ba. Duk wanda ya ga kansa a ciki, shi ya kawo kansa.

Abu ɗaya kawai. In za ka aiko mai tambaya ƙofarmu da sabon fom, kar ka aiko yarinyar nan mai ƙararrawa, ita ta yi iya nata. Ka zo da kanka. Ni zan buɗe.