Yadda Na Zama Gwaggo Yawwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Hadiza gidan mijinta a Kusfa ba. Ko na so in manta ma, mutanen Kwarbai ba za su bari ba.

Bari in faro daga tushe. A wancan zamani, zamanin soja da layin mai, ni mace ce mai kwarjini. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni baki. In za a kai amarya a unguwarmu, ni ake kira in damƙa ta a hannun dangin miji, in yi mata faɗa. Ba a dariya a gabana. In na ce na ga wata, ba mai ɗaga kai ya duba sama. (Dukiyata ke nan a duniya. Ba gona, ba saniya, sai "Gwaggo ce ta faɗa".)

Hadiza 'yar ƙanena ce, a hannuna ta tashi. Ta gama makarantar horon malamai, ta fito da wanda take so, wani ma'aikaci a Kaduna, ɗan gidan malamai a Kusfa. Cikin tsarabar da yake kawo mata in ya zo zance, wata rana sai ga wani abu wai shi gem. Jikokina na yanzu da ke kwana a kan waya suna kokawa da mutanen ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba, ba su san wannan ba. Tsawonsa bai fi tafin hannu ba, da ɗan gilashi a sama, da maɓallai a ƙasa. Bulo ne ke zubowa daga sama, wani a miƙe, wani a karkace, kai kuma kana juya shi kana jerawa. In layi ya cika sai ya ɓace. In ka bar rami, sai gini ya yi ta hawa har ya taɓa rufi, abin ya yi kukan mutuwa. Shi ke nan wasan.

Ana saura 'yan makonni biki, na yi ta kiran Hadiza ta zo ta tsince mini shinkafa, shiru. Na leƙa ɗaki na same ta ta duƙufa, harshe a waje.

"Kawo shi nan."

"Gwaggo, don Allah, saura kaɗan..."

"Saura kaɗan ki yi me? Ki gama ginin mu tare a ciki?"

Na karɓe. Washegari ta zo tana raɓe-raɓe tana tambaya, na dube ta ido cikin ido, gaban matan gida, na ce na jefa shi a masai. Ta yi kukanta ta share. Ba wanda ya yi shakka, ai Gwaggo ce ta faɗa.

Shi kuwa yana nan cikin langa a ƙarƙashin gadona.

Ana nan, ana nan, wata rana bayan azahar, gida ya yi tsit, kowa ya miƙe yana hutawa. Na ce bari in duba abin nan da idona, in san irin sharrin da na raba yarinya da shi. (Shaiɗan ba ya zuwar wa tsohuwa da ƙaho. Da sunan bincike yake zuwa.) Na danna nan, na danna can, ya yi ƙara, na cusa shi a ƙarƙashin matashi har na gano maɓallin da ke toshe masa baki. Bulo ya faɗo, na jera. Wani ya faɗo, na jera. Layi ya cika ya ɓace. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har dunduniya. Ban ɗago ba sai da ladan ya kira la'asar.

Kwanci tashi, rediyona ya koyi cin batir. (Gem ke ci, rediyo ke ɗaukar laifi.) Kullum ina aike kanti, har ƙanena ya ce zai kai shi wajen mai gyara, na ce ya bar shi, tsufa ne. In na rufe ido bulo nake gani. In na bi ta gindin ganuwa na ga inda ruwa ya zaizaye, sai in ji babban yatsana yana motsi, yana neman abin da zai toshe wurin.

A cikin wannan ɗan gilashi na ga halin ɗan Adam tsirara. Ba a cin wasan. Na yi ta jira in ga ranar da za a ce mini sannu da aiki, kin gama, babu. Ladan wanda ya iya shi ne a ƙara masa gudu, kamar ɗana da aka ƙara wa girma a ofis, ya daina cin abinci a zaune. Akwai wasu lambobi da ke hawa a gefe, ban iya karanta su ba, amma in sun yi tsawo sai in ji na fi kowa a Birnin Zariya. Da me na fi su? Oho.

Sannan ga sanda. Cikin bulon nan akwai wani dogo siriri, shi na sa wa suna sanda. In ka jera gininka ka bar rami ɗaya mai zurfi a gefe, sanda ta zo ta faɗa ciki, layuka da yawa za su tafi lokaci guda. Sai na zama ba na son ƙaramar riba. In bar rami in zauna jiran sanda, kamar mazan da ke kwana a ƙofar manya suna jiran kwangila, ciyawa na cin gonarsu. Ita kuwa sanda, ranar da kake nemanta ba ta zuwa.

Ranar kai amarya ta zo. Ɗakina ya cika da baƙi daga ƙauye, masu buɗe kowace langa su ga abin da ke ciki. Na ɗauke gem na zaga bayan rumbu, wai in sake masa maɓoya. Da na riƙe shi kuwa sai na ce bari in ɗan taɓa. Ranar hannuna ya yi daɗi. Na yi ginin da ban taɓa yin irinsa ba, sumul, ba ko huda, ga ramina a gefe yana jiran sanda. Gini ya kusa rufi, sai na ji ana kwaɗa kira: "Ina Gwaggo? Mota ta zo!" Kashewa asara ce. Na danna maɓallin da ke tsayar da wasa, na soke shi a ƙugu cikin ɗaurin zani, na yafa mayafi, na fito fuska a ɗaure.

Da la'asar sakaliya muka isa Kusfa. Aka shigar da mu ɗakin uwar ango, Hajiya Mairo, mace mai carbi a hannu, wadda ba a jin sautin tafiyarta. Ɗaki ya cika maƙil. Kakar ango na gefe, wata 'yar tsohuwa mai bakin tsiya, tana ta zolayar amarya wai ta zo ƙwace mata miji. Aka zaunar da Hadiza a lulluɓe tana shessheƙa. Na yi gyaran murya, ɗaki ya mutu.

"Hajiya, ga amana mun kawo. In ta yi daidai taku ce, in ta yi kuskure taku ce. Ke kuma Hadiza, buɗe kunnenki. Yau wasa ya ƙare. Aure ba wasan yara ba ne. Ki riƙe gaskiya, don mai ƙarya ko a rami ya ɓoye ta, sai ta yi tsiro."

Mata suna ta "haka ne, Gwaggo". Daɗin bakina ya kwashe ni, na durƙusa in kama hannun amarya in sa a na Hajiya. Tumbina ya danne maɓallan gaba ɗaya.

Sai kiɗa ya tashi daga ƙuguna.

Wani siririn kiɗa mai rawar kai, tilili-tilili, irin wanda ba ya da kunya. Aka yi ta waige-waige. Hadiza ta daina kuka cak. Ta cikin mayafi na ji ta ce, a hankali, "Gwaggo... ashe masai na mayar da ajiya?"

Ban ruɗe ba, ni tsohuwar hannu ce. Na zaro shi na ɗaga sama, na ce, "Kun ga wannan? Na ce na jefar ne don in gwada haƙurinta. Ta kuwa ci jarrabawa. Yau na kawo mata kayanta gaban shaidu."

Wallahi sun saya. Hajiya Mairo ta gyaɗa kai ta ce, "Allah ya saka da alheri, wannan ita ce tarbiyya." Na tsira. Abin da ya rage kawai in miƙa wa yarinya kayanta.

Sai idona ya faɗa kan gilashin.

Sanda ce ke saukowa.

Jama'a, ni ban aiki yatsana ba. Shi ya tafi da kansa. Ya juya ta, ya kora ta gefe, ya kora, ya kora, ta zura cikin ramin nan kamar don ita aka haƙa shi. Ginin ya rushe, abin ya yi guɗa, ni kuma, a durƙushe, a tsakiyar gidan malamai, hannun amarya a sagale yana jira, na buɗe baki na ce:

"YAWWA!"

Shirun da ya biyo baya, da za a yanka shi da wuƙa a raba, ya ishi unguwa. Kakar ango ce ta fasa shi.

"To, mun ji faɗan amarya. Ita kuma gwaggon, wa zai yi mata nata?"

Ɗaki ya tarwatse. Amaryar da aka kawo tana kuka ta kife tana dariya har mayafinta ya zame. Hajiya Mairo ta tura carbi a baki, kafaɗunta na rawa. Ta miƙo hannu ta zare gem ɗin daga hannuna, a hankali, yadda ake raba yaro da wuƙa.

"Kawo in adana miki, Gwaggo," in ji ta. "Mu masanmu ba ya mayarwa."

Kafin mu koma Kwarbai labari ya riga mu. Ba a sake kirana kai amarya ba. In na ce na ga wata, sai an fita an duba. Sunan da na yi shekaru ina ginawa aka ɗora masa wutsiya, na zama Gwaggo Yawwa, har 'ya'yan Hadiza da shi suka buɗe baki.

Yanzu in na ga jikokina sun duƙufa a kan waya, uwayensu na cewa in yi musu faɗa, sai in ce bakina na ciwo. Abin da na koya ɗaya ne, kuma wasan ya gaya mini tun ranar farko, ni ce ban saurara ba: layin da ka jera daidai ɓacewa yake yi, ba mai sake ganinsa. Wanda ka karkace shi ke zama a gilashi kowa ya kalla.

Amma tsakanina da ku, sandar nan ta shiga da kyau.