Hantar Kawu da Ruwan Gidan Ƙarshe

Jiya na yi asarar yini guda a ofishin ruwa, rungume da kwalba kamar jaririya. Layi uku na bi. A na farko aka ce ba a karɓar ruwan da mutum ya ɗebo da kansa. A na biyu aka ce ma'aikaci ne zai zo ya ɗeba, sai dai motarsu ba ta shiga lungu. A na uku aka tambaye ni ko na bi na farko.

Ba don kaina na je ba. Kawuna tela ne, gidansa ne na ƙarshe a layinmu, daidai inda bututu ya tsaya. Wata biyu ke nan idonsa ya yi rawaya, ciki ya kumbura, keken ɗinki ya yi shiru. Likita ya ce hanta ce, sannan ya yi masa tambayar da ake yi wa kowa: "Baba, kana ɗan taɓa giya?" A gaban surukin Kawu, mijin 'yarsa, ya yi ta. Kafin su iso gida magana ta riga su. Mutumin da ko lemon kwalba sai ya karanta jikinsa kafin ya kurɓa, yau shi ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa. Mai shagon bakin layi har da ce mini, "Ai masu shiru-shirun nan, Allah kaɗai ya san cikinsu." Raina ya ɓaci ƙwarai.

'Yar Kawu, ma'aikaciyar jinya, ita ta fara zargin famfo. Ta ce tsofaffin bututun roba suna sakin wani sinadari wai shi binil kulorayid. Ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, yana cin hanta a hankali, har yakan kai ga sankara. Kuma ya fi taruwa inda ruwa ke kwana, wato ƙarshen layi. Ba ta ce lallai shi ne ba, ta ce dai a gwada.

Kawu ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗan nan, sauƙi na Allah ne. Ni takarda nake so. Samo mini wadda zan nuna wa surukina."

A ofishin nan, sai da yamma liƙis na samu ganin Mai Girma Babban Mai Lura da Ƙishirwar Jama'a. Katan-katan na ruwan kwalba a bayan kujerarsa, na baƙi ne, in ji shi. Ni dai ban kai matsayin baƙo ba.

"Ranka ya daɗe, an taɓa gwada ruwan layinmu?"

"Sosai ma. A gidan farko, bakin titi. Tas yake."

"Na ƙarshe fa?"

"Malam, ruwa ɗaya ne. Ko kana nufin yana sauya hali a hanya?"

Na ce haka masana suka ce. Ya gyara zama.

"Ai mun yi maganin wannan. Mun rubuta sanarwa: masu gidajen ƙarshe su bar famfo ya zuba minti goma kafin su sha."

"Ranka ya daɗe, minti bakwai ruwan yake zuwa."

"To ka gani! Ba wanda zai sha ke nan."

Jama'a, ku taya ni jinjina. Ni da ɗan karatuna, ko shekara zan yi ina tunani ba zan gano wannan dabara ba.

Na ce mu dai ba mu taɓa ganin sanarwar ba. Ya danna ƙararrawa, magatakarda ya zaro ta daga ƙasan durowa, da hatimi da sa hannu, har da sunan sinadarin ɓaro-ɓaro. Ashe jira ake a kafa kwamitin rabawa. Ban tsaya karanta sauran ba, na karɓi kwafi na fito ina murna, yau na wanke Kawu.

Da na isa gida, Kawu ya sa tabarau ya bi ta layi-layi da yatsa, kamar mai duba ɗinki. A ƙasa yatsan ya tsaya, a kan kwanan wata. Shekara huɗu da rubutawa.

"Shekarar da aka haifi jikata ke nan," in ji shi. "Uwar tana wurin aiki, ni nake haɗa mata madara. Da ruwan nan. Da hannuna."

Bai aika a kira surukin ba. Ya ninke takardar ya miƙa wa 'yarsa, ya ce gobe da sassafe a kai yarinya asibiti a duba ta.

Amma a faɗi gaskiya, na ga takardar ta asali da idona: ba ƙura, ba tabo, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Kada in ƙara jin wani ya ce manyanmu ba su iya kula da abu ba.